Bin yayi a harkar talla, dabara ce ko dai lalaci ne?

Ummi Zane: Salam jama'a. Don Allah masu aiki a kamfanonin talla ku taya ni gani, ni kaɗai ce ko kowa haka yake fama? Yanzu duk takardar aikin da kwastoma zai turo sai ka ga an rubuta wai a yi abin da zai yi tashe a TikTok, ba a faɗa maka wa ake so ya sayi kayan ba, ba a faɗa maka da me kayan ya fi na wasu ba, kawai a yi tashe. To ka zauna ka tsara, ka ɗauko rawar ko sautin da ake yayi a satin, ka tura, manaja ya duba, lauya ya duba, oga ya yi tafiya a jira shi ya dawo, kafin a sa hannu yaran da suka ƙirƙiro abin ma sun manta da shi sun koma wani. Sai a saki bidiyon a shiga kwamen ana mana dariya wai kaka ta shigo fili

Ɗan Gaske: kaka ta shigo fili hhhhh wlh Ummi ba ki da dama

Yaya Nura: Ba ke kaɗai ba ce ƙanwata, ko'ina haka ne. Ni har na daina musu, abin da suka ce shi nake yi a biya ni

Malam Sabo: Ummi wannan ciwon yana da asali ai. A 2013 ana wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, a New Orleans, wuta ta ɗauke a filin fiye da rabin awa. Kafin a dawo da wutar Oreo sun saki hoto a Twitter, biskit ɗaya a gefen duhu, da 'yar magana cewa ko a duhu za ka iya tsoma shi a madara. Washegari duk duniyar talla maganar da ake ke nan. Tun daga ranar kowane kwastoma yake son a yi masa irinta. Amma abin da ba su tambaya shi ne ta yaya aka yi cikin 'yan mintuna? Kamfanin da ya yi aikin, 360i, ya tara ma'aikatansa a ɗaki ɗaya a daren, masu rubutu da masu zane, kuma mutanen Oreo masu ikon cewa a saki suna tare da su suna kallon wasan. Ba imel, ba a jira oga ya dawo. Mutane sun kwaikwayi hoton sun bar ɗakin

Ummi Zane: Allah ya saka Malam, wannan zan kai mitin ɗin Litinin

Abba Lissafi: To amma Malam biskit nawa aka sayar saboda wannan hoton? Ni fa nan ne kullum nake rabuwa da ku masu ƙirƙira. 'Yan talla ne suka yi ta yaba wa junansu. Masu bincike Les Binet da Peter Field sun bi ɗaruruwan kamfen da ke ajiye a IPA, ƙungiyar kamfanonin talla ta Ingila, a 2013 suka fitar da sakamakon da har yau ake kafa hujja da shi, cewa kusan kashi 60 na bajet ya tafi gina suna na dogon lokaci, 40 kuma tallan saya yanzu-yanzu. Bin yayi a ina ya faɗa a ciki? Ba ya gina suna don gobe an manta, kuma ba ya cewa kowa ya saya. Layik kawai yake tarawa, layik kuma ba ya biyan albashi

Ɗan Gaske: Abba ya zo da kalkuleta, kowa ya gyara zama

Hajiya Bilki: Bari in shigo tunda mu ake zagi. Ni a ɓangaren kwastoma nake, ni ce manajar da ke dubawa ɗin. Ummi 'yata kin ce lauya yana ɓata lokaci, kin san sautin da kuke ɗaukowa a TikTok yawanci ba a yarda kamfani ya yi talla da shi ba? Mutum da kansa zai iya rawa da waƙar da ya ga dama, amma kamfani akwai rumbun sauti daban da TikTok ya ware masa, abin da ba ya ciki sai ka nemi izini ka biya. Masu lemon Bang Energy a Amurka sun yi ta sa waƙoƙin mutane a bidiyoyinsu, Universal da Sony suka kai su kotu, a 2022 alƙali ya ce sun keta haƙƙin mallaka. In aka zo ƙara ba sunan mai zane ake rubutawa a takardar kotu ba, sunan kamfanina ne, kuma ni za a kira ofis. To don me ba zan duba ba

Ummi Zane: Hajiya ban ce kar a duba ba wlh, sati 3 ɗin ne matsalar

Hajiya Bilki: Sati 3 ɗin ma wani lokacin shi ke ceton ku. Kun manta Pepsi a 2017? A tallan, tauraruwa Kendall Jenner ta bar wajen ɗaukar hoto ta shiga zanga-zanga ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin Pepsi, ya sha, kowa ya hau tafi shikenan rigima ta ƙare. A lokacin da baƙaƙen fata a Amurka suke kan titi saboda 'yan sanda na kashe musu 'yan uwa. Har 'yar Martin Luther King, Bernice, ta sa hoton babanta 'yan sanda sun tare shi ta yi musu shaguɓe. Kwana ɗaya aka janye tallan aka ba da haƙuri. Wannan ai bin yayi ne, sun ga zanga-zanga ce ke tashe

Malam Sabo: Hajiya da girmanki amma wannan misalin namu ne ba naku ba. Tallan Pepsi ɗin ba kamfanin talla na waje ne ya yi ba, sashensu na cikin gida ne ya shirya. Kuma ba gaggawa aka yi ba, babban aiki ne da taurari da ɗaruruwan 'yan rakiya, mutane da yawa sun gani sun sa hannu. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai ce ranka ya daɗe wannan abin kunya ne, kuma ba ya tsoron a kore shi. Ma'aikacin cikin gida da wuya ya faɗa wa ogansa haka. Haka Apple a 2024, tallan iPad ɗin da wata ƙatuwar na'ura take murƙushe fiyano da gwangwanayen fenti da kamara da littattafai har komai ya zama 'yar siririyar kwamfuta. Daidai lokacin da mawaƙa da masu zane ke tsoron na'ura za ta cinye musu sana'a. Su ma haƙuri suka bayar, suka fasa sa shi a talabijin

Yaya Nura: Malam kar mu mai da kanmu waliyyai fa. Mu ma na waje nawa ne muke iya cewa a'a? In kwastoma ɗaya ne ke riƙe da rabin albashin ofis ai ko cewa ya yi a sa tambarinsa ya cika allon gabaɗaya na'am za ka ce. Na taɓa zama a mitin, mun kai aikin da muka yi sati muna gyarawa, mutumin bai kalli labarin ba ma, ya tsayar da bidiyon a daƙiƙa ta biyu ya ce ina tambarin, a ƙara girmansa, a sa lambar waya, a sa ragi, sannan ya juyo ya ce ɗansa ya nuna masa wata rawa jiya a sa ta a ƙarshe. Ogana yana gefe yana ta gyaɗa kai yana rubutawa

Ɗan Gaske: ɗan oga shi ne babban daraktan ƙirƙira a duk duniya

Fati Kwanten: Ni dai in faɗi gaskiya duk misalanku na tsofaffi ne. Ku yi haƙuri Malam da Hajiya. Mu da muke kwana a waya mun san yayi yana aiki in ka iya. Duolingo fa? Manhajar koyon harshe ce kawai, amma mujiyar nan koriya ta tambarinsu ta zama 'yar wasan barkwanci a TikTok, duk abin da ake yi sai ta shiga, a farkon 2025 har sanarwa suka yi wai ta mutu mutane suka yi ta ta'aziyya. Sannan Ocean Spray a 2020, wani mutum a Idaho motarsa ta lalace ya hau allon gudun nan mai taya zai tafi aiki, yana shan lemonsu daga jarka yana bin waƙa, ya ɗauki kansa. Ba wanda ya biya shi. Bidiyon ya karaɗe duniya, ba a daɗe ba kamfanin suka saya masa sabuwar mota ja suka cika bayanta da lemon, shugaban kamfanin ma ya hau allon ya yi nasa. Da sun jira sati 3 da wa zai tuna

Abba Lissafi: Fati na Ocean Spray sa'a ce ta faɗo musu, ba tsari ba ne. Ba za ki rubuta a bajet ɗin baɗi cewa motar wani za ta lalace ba

Fati Kwanten: Sa'a ta faɗo wa kamfanoni da yawa suka yi barci ai yaya Abba

Malam Sabo: Fati ta yi gaskiya a nan, amma ki duba Duolingo ɗin da kyau 'yata. Kafin su shiga TikTok mutane da kansu sun daɗe suna barkwanci cewa mujiyar nan tana bibiyar mutum tana masa barazana in bai yi darasi ba, saboda saƙonnin tunin da take damun mutane da su. Su kawai karɓar barkwancin suka yi suka ce e haka muke. Wato abin nasu ne tun asali, ko wace rawa mujiyar ta yi ka san ta wace ce. Ku kuma abin da ake sa Ummi ta yi, in ka cire tambarin ka sa na wani kamfani ba abin da ya canja. Ni gwajin da nake wa yarana a ofis ke nan, rufe tambarin da hannu, in ban gane na waye ba a koma a sake

Ummi Zane: Wannan gwajin zai kashe kashi 90 na aikina Malam 😭

Maman Hanif: Ni malama ce ba 'yar talla ba, shiga nake ina karatu, amma in tambaya. Wanne ne a ganinku ya fi kowanne? Ni wanda na tuna shi ne na Coca-Cola da aka rubuta sunaye a kwalba

Malam Sabo: Maman Hanif kin ga amsar da kanki, ba ki cikin harkar amma kin tuna shi bayan shekaru. A Ostireliya aka fara a 2011, kamfanin talla Ogilvy suka yi, aka cire sunan Coca-Cola a gefen kwalba aka sa sunaye 150 da suka fi yawa a ƙasar. Daga nan ya bazu ƙasashe da dama kowace da sunayenta. Ba yayin komai aka bi ba. Ɗan adam yana son ganin sunansa, yana son ya ga na wani ya tuna shi ya saya masa, wannan halin bai zo da intanet ba kuma ba zai tafi da ita ba. Mutane suka riƙa tona firij a shaguna suna neman sunansu, su ɗauki hoto su sa da kansu. Yayin ma su suka haifar da shi

Yaya Nura: Akwai na Indiya ma da ya burge ni, Cadbury a 2021 lokacin bikin Diwali. Korona ta durƙusar da ƙananan shaguna, sai suka ɗauko Shah Rukh Khan aka yi amfani da AI a kan fuskarsa da muryarsa, mai ƙaramin shago ya shiga shafi ya rubuta sunan shagonsa, sai ga bidiyon Shah Rukh yana cewa a je shagon wane a saya. Kyauta. Mutumin da ko a mafarki ba zai iya biyan jarumin ba

Ɗan Gaske: to ga AI ta yi abin kirki, ba irin na Coca-Cola na Kirsimetin 2024 ba da manyan motoci ke tafiya tayoyin kamar ba sa taɓa ƙasa

Fati Kwanten: Wancan an zage su sosai, amma ba su janye ba fa, shekarar da ta biyo ma sun sake yi

Abba Lissafi: Don me za su janye? Masu zagin yawanci 'yan sana'ar ne irinmu. Wannan ne ke ba ni tsoro ma ba zagin ba. In kwastoma ya gane zai iya samun bidiyon da ba laifi cikin kwana kaɗan ba tare da ɗaukar kamara da fitilu da mutum hamsin zuwa waje ba, to mai ɗaukar hoto da edita su fara tunani

Sadiq Edita: ni dai ina nan ina karantawa zuciyata na bugawa

Hajiya Bilki: Ina so in koma kan maganar Pepsi, don kar a tafi da cewa shiga abin da ya dami jama'a kullum kuskure ne. Nike a 2018 sun sa fuskar Colin Kaepernick, ɗan wasan da ya riƙa durƙusawa lokacin taken ƙasa tun 2016 don nuna adawa da zaluncin 'yan sanda har ya rasa ƙungiya. Mutane suka riƙa ƙona takalmansu a bidiyo, Trump ya yi ta magana. Nike ba su janye ba, tallan ma har Emmy ya ci a 2019. Batu ɗaya ne da na Pepsi fa, me ya bambanta su?

Malam Sabo: Kaepernick ɗan Nike ne tun 2011 Hajiya, ba hayarsa aka yi ranar ba, kuma shi ya yi asarar aikinsa da gaske a kan abin. Sannan kamfanin talla Wieden+Kennedy ne suka yi, waɗanda suke tare da Nike tun shekarun 1980, su suka rubuta musu Just Do It a 1988. Sun san wa ke sayen takalmin, sun san wanda zai ƙona ba shi ne kasuwarsu ba. Pepsi so suka yi kowa ya ji daɗi, Nike sun yarda wasu su yi fushi

Abba Lissafi: Sun lissafa dai kafin su yarda. Kar a mai da kamfani gwarzo, takalmi yake sayarwa

Malam Sabo: Ban musa ba. Lissafin ne dai ya yi daidai

Ummi Zane: To ni yanzu na rikice, Fati ta ce sauri, Hajiya ta ce a duba, Malam ya ce abin ya zama naka

Yaya Nura: Ana haɗa su ai. Old Spice masu turare da sabulun maza a 2010, bayan tallan mutumin nan Isaiah Mustafa ya yi tashe, sai suka kafa banɗaki na bogi a situdiyo, yana tsaye ɗaure da tawul, marubuta na gefe suna karanta abin da mutane ke rubutowa a Twitter da YouTube, su zaɓi ɗaya su rubuta amsa nan take a sa masa a allo ya karanta, edita ya yanka a ɗora. Bidiyo sama da 180 cikin kwana 3 ko ƙasa da haka, wasu ga taurari wasu ga mutanen da ba wanda ya sani. Ba yadda za a yi Procter & Gamble masu Old Spice ɗin su zauna mitin a kan kowane ɗaya. Tun farko aka yi yarjejeniya ga iyaka, kar ku taɓa kaza da kaza, cikin iyakar ku yi abin da kuka ga dama

Hajiya Bilki: Wannan zan iya yarda da shi. A zauna da lauya sau ɗaya a rubuta abin da ba a taɓawa, addini, siyasa, ƙabila, mutuwar mutane, waƙar da ba mu da izini, sunan abokin hamayya. A ba mutum ɗaya a wajenmu ikon cewa a saki ta waya. Amma ku ma ku yarda in abu ya fashe tare za mu shiga ofishin oga, ba ku kashe waya ba

Ɗan Gaske: kashe waya al'adar sana'a ce Hajiya

Sadiq Edita: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Rabin kamfen ɗin da muke yabawa ba mu gan su a titi ba, a bidiyon neman kyauta muka gan su, mai minti 2 ɗin nan da ake tura wa alƙalan bikin kyaututtukan talla na Cannes duk watan Yuni. Ni nake yanka irinsu, na san yadda ake yi. A jera kanun jaridu suna tashi ɗaya bayan ɗaya, a sa kiɗa mai taɓa zuciya, a rubuta mutum miliyan kaza sun gani, alhali fosta ɗaya aka liƙa a lungu aka ɗauki hoto aka cire. A 2025 ai asiri ya tonu, wani kamfanin talla na Brazil ya ci babbar kyauta aka karɓe ta bayan an gano an yi amfani da AI an jirkita rahoton talabijin a cikin bidiyon nasu. Kowa ya yi ta salati kamar bai taɓa ji ba

Abba Lissafi: Sadiq ka biya ni. Shi ya sa na tambayi biskit nawa

Malam Sabo: Laifin yadda ake biyanmu ne ma wani ɓangaren. Da can kamfanin talla kashi 15 yake ɗauka na kuɗin da kwastoma ya kashe a jarida da rediyo da talabijin, ka daɗe da shi shekaru ka san kayansa kamar naka. Yanzu awa ake ƙirgawa ko aiki ɗaya-ɗaya, kowace shekara a kira gasa kamfani biyar su kawo dabara kyauta a zaɓi mai araha. Wanda bai san ko zai kai baɗi da kai ba ina zai yi maka tunanin shekara goma, abin da zai nuna a rahoton wata ne zai yi, rawar satin ke nan. Manyan ma haɗewa suke don su rayu, Omnicom ta sanar da sayen IPG a ƙarshen 2024, kuma duk haɗewa sallamar ma'aikata ke biyo baya

Yaya Nura: Gasar kawo dabara kyauta ɗin nan ita ta fi ƙona mini rai. Ka kai dabara a ce ba a ɗauke ka ba, bayan wata 4 ka ga 'yar uwarta a allo an canja launi

Hajiya Bilki: Wannan kam ba na kare shi, ana yi

Fati Kwanten: To Hajiya ku fara biyan kuɗin shiga gasa mana ko kaɗan ne, a rage kamfanonin zuwa 3

Hajiya Bilki: Fati sashen sayayya ne ke kiran gasa ba ni ba, su kuma da takardar firinta da dabarar talla duk layi ɗaya suke a wajensu. Zan kai maganar amma ban yi alkawari ba

Sadiq Edita: in an fara biya a tuna da editoci don Allah, mu ne ba ma barci daren gasar